Kafintanci A YouTube: Tashoshin Da Suka Cancanci Datarku

 Hutu ya ƙarato, kuma mun san data za ta sha wuya. Kafin ta ƙare a kallon barkwanci, ga tashoshi uku na aikin katako da muke so.

Ta farko ita ce ta Paul Sellers, wani dattijon kafinta ɗan Ingila. Da zarto da guduma da sauran kayan hannu yake aiki, babu ruwansa da jiran wuta. Yana nuna yadda ake wasa kayan aiki da yadda ake yanka katako a miƙe, a hankali, har mai koyo ya gane.

Sai ta Steve Ramsey na Amurka, mai suna Woodworking for Mere Mortals. Don sababbin shiga ya buɗe ta, kuma yakan ja kunne kan kiyaye yatsu da idanu.

Ta uku ta nishaɗi ce: Grandpa Amu na ƙasar Sin, wanda ke harhaɗa kujeru da kayan wasa ba ƙusa ba gam. Rami yake fafewa a wani katako, ya fiƙe bakin wani ya shige daram. Ko ba ku jin Turanci za ku fahimta, don hannunsa ne ke bayani.

Amma fa gani ba ci ba ne. Ku nemi izinin iyaye, ku je wurin kafintan unguwa ku roƙi guntayen katako, ku gwada 'yar kujerar zama. Injin yanka kuwa kada ku taɓa shi sai da babba a kusa. Wanda ya iya wannan, karyayyen bencin ajinku ya samu mai gyara.

Sai mako mai zuwa.