Kafin a ba ɗan ƙwallo kujera, a fara ba shi littafi

Ranar da gwiwata ta hagu ta ƙi, ina da shekara ashirin da tara, ban bar fili ba, bakin layi na koma. Dattijon da ke riƙe da kulob ɗin unguwarmu a Ƙaura Namoda ya miƙo mini wani littafi mai bangon kwali da leda cike da hotunan fasfo, ya ce, "Ɗana, tunda ƙafa ta gaji, sai hannu ya karɓa. Daga yau kai ne sakatare." Na karɓa da gadara. A ganina wanda ya shekara goma yana tsare baya, me ya rage masa a harkar tamaula?

Ban cika wata shida ba na gane kurena. Wani dillalin 'yan wasa ya zo ya ga wani yaronmu mai buga lamba bakwai, ya ce zai kai shi wani kulob a kudu. Ya fito da takarda shafi biyu da Turanci, ya ajiye mana ƙwallo biyu da riguna saiti ɗaya. A kan bencin mai shayi na sa hannu, ban karanta ba, ina ta murna yaronmu ya samu shiga. Bayan wata huɗu yaron ya dawo a rame, ko sisi ba a biya shi ba, kuma takardar ta ɗaure shi, ba shi da ikon buga wa kowa. Mahaifiyarsa ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ai don kai na yarda." Har yau maganar tana ci mini rai.

Shi ya sa na kasa yin murna zalla a watan Yulin 2025, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa janar manajan Kano Pillars. Ina son Ahmed Musa, kuma babu mai musun abin da ya yi: ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Ya ga yadda ake tafiyar da kulob a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya san zafin a riƙe wa ɗan wasa albashi. Irinsa ne ya dace da ofis, ba ɗan siyasar da aka rasa inda za a kai shi ba. Abin da ya dame ni shi ne hanyar. An ba shi kujerar yana cikin 'yan wasan kulob ɗin, to yaya koci zai ajiye maigidansa a benci? Haka Gwamna Alex Otti ya ba Nwankwo Kanu shugabancin Enyimba a 2023. Muna ba da waɗannan kujeru kamar yadda ake naɗa rawani, don girmamawa, alhali aiki ne na lissafi da kwantiragi da rajista da neman kuɗi.

A dubi Michael Emenalo, ɗan Aba, wanda ya buga wa Najeriya gasar cin kofin duniya ta 1994. Sunansa bai kai na Kanu ba ko kusa. Amma ya yi karatu a jami'ar Boston da ke Amurka, kuma da ya shiga Chelsea a 2007 ba saman bene aka kai shi ba. Aikin leƙen wasan abokan hamayya ya fara, yana rubuta rahoto. A 2010 ya zama mataimakin koci, a 2011 daraktan da ke kula da sayen 'yan wasa da renon matasa, ya riƙe har 2017, sannan ya wuce Monaco. Tsani ya hau, mataki bayan mataki, kuma a kowane mataki akwai wanda ke duba aikinsa.

Mu a nan ina tsaninmu? Ba rashin masu iya mulkin ƙwallo ne ke damun Zamfara ba. Alhaji Ibrahim Musa Gusau daga shugabancin hukumar ƙwallo ta jiha ya taso har aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallo ta ƙasa, NFF, a Benin ranar 30 ga Satumba 2022. Amma yaron da ya ƙare ƙuruciyarsa a filayen Zurmi ko Shinkafi, in ya rataye takalmi, abu biyu ke gabansa: ko ya ɗauki usur ya zama koci ba takarda, ko ya hau kabu-kabu. Babu mai ce masa ofis ma wurinsa ne.

Alhali makarantar tana hannunmu. Duk wanda ya taɓa kai yara goma sha takwas wasa Shinkafi ya san manaja ba suna ba ne. Sai ka bi 'yan kasuwa karo-karo, ka yi ciniki da direba a tasha, ka tambayi lafiyar hanya tun daren jiya, ka roƙi masu masauki a take wasa da wuri don ku iso gida kafin rana ta faɗi. Sai ka tsaya gaban uban da ya ce ɗansa ba zai bi wannan hanya ba, kuma ka san yana da gaskiya. Wanda ya iya wannan, abin da ya rage masa ilimin takarda ne. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a cikin Ƙaura, ana koyar da akanta da harkar gudanarwa. Me zai hana hukumar ƙwallo ta jiha ta zauna da ita a tsara gajeren kwas na yamma ga tsofaffin 'yan wasa? Me zai hana Zamfara United ta riƙa ɗaukar mutum biyu duk kaka su zauna kusa da sakatare suna koyo? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Littafin nan mai bangon kwali yanzu yana hannun kyaftin ɗinmu, yaro ɗan shekara ashirin da uku da ke kan ganiyarsa. Da fari ya ɓata rai, ya ce, "Yaya, ritaya za ka yi mini?" Yanzu shi ke rubuta kuɗin shiga da na fita, yana karanta mana duk Juma'a bayan la'asar. Kwanan baya wani dillali ya sake zuwa da takarda. Yaron ya karɓa, ya ninke ta cikin littafin, ya ce masa ya dawo jibi, sai lauya ya gani.