Yola zuwa Maiduguri: Tafiyar Minti 50 da Take Cinye Wuni Guda

Tsakanin filin jirgin saman Yola da na Maiduguri akwai tazarar kimanin kilomita 300 ta sama. Matsakaicin jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda ke ɗaukar fasinja wajen 70 yana gudun kusan kilomita 500 a awa guda, zai iya cin wannan tazara cikin minti 50, har da tashi da sauka. Amma sau da yawa ɗan kasuwar da ya tashi daga Jimeta da niyyar ganin abokin cinikinsa a Kasuwar Litinin ta Maiduguri sai ya bi ta Abuja. Daga Yola zuwa Abuja kimanin kilomita 570 ne, daga Abuja zuwa Maiduguri kuma kimanin 710. Ke nan ya ninka tafiyarsa sau huɗu, ya sayi tikiti biyu, ya kuma ɓata wuninsa yana jiran jirgi na biyu.

Dalilin haka a fili yake. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kuɗin sauka da na hidimar fili duk sai an biya su komai gajartar tafiya. Saboda haka babban jirgi irin Boeing 737 ba ya mayar da kuɗinsa a kan kilomita 300, balle idan rabin kujerunsa babu kowa. Ga kayan gyara da dala ake sayensu. Tun da kamfanin Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, kamfanoni masu zaman kansu suka fi karkata ga Legas da Abuja, inda fasinja suka fi yawa.

To amma cinikin shanu da hatsi da busasshen kifin Tafkin Chadi ya daɗe da haɗa Borno da Adamawa, ga kuma rashin tsaro da ya addabi hanyoyin mota na yankin tun daga 2009. Wanda ke tsoron hanya, kuma ba shi da ƙarfin tikiti biyu, haƙura yake yi da cinikin baki ɗaya.

Ya kamata Hukumar FAAN ta sassauta kuɗin sauka ga ƙananan jiragen da ke haɗa manyan biranen jihohi kai tsaye. Gwamnatocin Borno da Adamawa kuma su yi yarjejeniya da wani kamfani, su ɗauki alhakin wasu kujeru a kowane tashi na tsawon shekara guda, har fasinja su saba. Tashi uku a mako, a ranaku sanannu da ba a saɓawa, ya isa a gwada ko hanyar za ta ɗauki kanta. Jihohin da suka iya kashe kuɗi wajen ƙawata filayen jirgi, ba za su rasa abin da za su sa jirgin ya sauka ba.