Wa Ke Wanke Kwanon?

Akwai wata cuta da ta kama gidajenmu, mu da muke taƙama da ilmin zamani, har mun raɗa mata suna gata. Yaro ɗan shekara 12 ya ci tuwo, ya ture kwano, ya miƙe abinsa. Bai san inda tsintsiya take kwana ba, bai taɓa cuɗa rigar makarantarsa da sabulu ba. In aka yi magana sai mu ce karatu yake yi, kada a raba masa hankali.

To, wa ke wanke kwanon? A Mubi, kamar sauran biranenmu, sau da yawa yarinya ce sa'arsa da aka ɗauko daga ƙauye, ko almajirin da ke jiran ɗumame a bakin zaure. Ashe ba aikin yara muke ƙi ba. Ɗan da muka haifa kaɗai muke jin tausayi. Ita mun hana ta aji, shi mun kashe masa hannu, sannan mu zo taron ƙara wa juna sani muna kukan lalacewar tarbiyya!

Mu leƙa ƙauyukan Gude da ke wajen Gella, a gindin duwatsun Mandara. Can yaro kan tashi da sanin ɗebo ruwa, da kiwon awaki, da korar tsuntsu a gonar dawa. Ba mu ce wahalar talauci abin sha'awa ce ba, kuma duk aikin da ya hana yaro makaranta zalunci ne. Amma lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, jama'a suka fantsama a ƙafa, wasu cikin duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola, wa ya tambayi yaro na nawa ya zo a jarrabawa? Abin da aka nema shi ne mai iya jera duwatsu uku ya hura wuta, ya goya ƙanensa.

Hujjar da ta fi ba mu kunya ita ce wai shara da wanke-wanke aikin mata ne. Daga ina muka samo wannan? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi wa iyalinsa hidima, ya ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa. Wane ɗa ne namu ya fi ƙarfin wannan?

Sakamakon kuwa mu malamai muke girbarsa. Tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi a 2002, kowace shekara iyaye ke sauke samari a ɗakunan kwanan ɗalibai, wasunsu ba su iya dafa ko shinkafa ba. Wanda bai saba naɗe tabarmarsa sai an ce masa ba, shi ne muke umarta ya zaɓi batun kundin digirinsa, ya shiga laburare shi kaɗai, ya kawo babi na farko kafin hutu.