A Tuna da Jaruman Zamanin Kaset

Malam Edita,

Ina da ƙorafi kan gasar da masoya ke shiryawa ta zaɓen gwarzuwar tsoffin jaruman fim, inda ake haɗa su biyu-biyu, mai ƙarancin ƙuri'a ta faɗi. Yawancin masu zaɓen yara ne masu waya a hannu, waɗanda ba a haifa ba lokacin da Fati Muhammad ta fito a Sangaya. Su wa suka sani? Wadda suka gani jiya.

Nan Zauro, matan da suka san gwanintar Hindatu Bashir da Abida Muhammad suna cikin gida ko suna bakin fadama wajen aikin shinkafa. A da su ne ke haɗa kuɗin hayar kaset daga Birnin Kebbi, a tayar da janareta, tsakar gida ta cika har zaure. Ba wanda ya tambaye su.

Kuma don Allah a daina jefa mamata cikin gasar. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003, Hauwa Ali Dodo a 2010, duk a haɗarin mota. Addu'a suke buƙata. In za a sake, a bi ta rediyo, iyayenmu su ma su bugo.

Naka,
Wani mai karatu,
Zauro, Jihar Kebbi