Azare Da Katagum: Gari Ba Ya Gyara Kansa

A ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa kuɗin da ƙananan hukumomi suke samu daga asusun tarayya a riƙa ba su hannu da hannu, ba tare da sun biya ta wurin gwamnonin jihohi ba. Kotun ta kuma ce haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma ko kwamitin riƙo. An yi ta murna a ko'ina, har da ƙasar Katagum. Amma shekara guda bayan hukuncin, watau a 2025, kuɗin galibin ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 suna nan suna bin tsohuwar hanyarsu. To, ko da an wayi gari kuɗin sun iso kai tsaye, akwai tambayar da mutanen Azare da Katagum ya kamata su yi wa kansu tun yanzu: wane ne zai tsaya ya ga inda aka kashe su?

Tarihin waɗannan garuruwa biyu ya isa darasi. Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin Katagum a bakin kogi a farkon ƙarni na 19. Da Baturen nan matafiyi Kyaftin Clapperton ya iso daga Borno a watan Janairu na 1824, ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa, ana ciniki da wuri, fatake suna shiga suna fita tsakanin Kano da Borno. Turawa suka ci ƙasar a 1903. A 1916 aka ɗauke fadar sarki da sauran ma'aikatun mulki aka mai da su Azare. Baitulmali ya tashi, alƙali ya tashi, ma'aikata suka tashi, 'yan kasuwa kuma suka bi su. Yau Azare ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum, wanda ya ba ƙasar duka sunanta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ne. Abin da mulki ya kawo wa gari, mulki yana iya ɗauke shi.

Ko shakka babu Azare ta ci moriyar wannan canji. Tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin Shuwarin da Potiskum. Tana da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya wadda aka kafa a 2021. Ga kuma jami'ar jiha a Gaɗau, wadda aka kafa a 2011, yanzu ana kiranta Jami'ar Sa'adu Zungur. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Katagum sun kusa 300,000, kuma tun daga lokacin garin sai faɗi yake yi ta kowace kusurwa. Ɗalibai suna kama haya, majinyata da 'yan jinya suna zuwa daga Jigawa da Yobe, masu abinci da masu keken haya suna samun na kai wa bakin salati.

Sai dai duk wanda ya duba da kyau zai ga cewa waɗannan abubuwa daga sama aka kawo su. Hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce, asibitin nata ne, kwalejin ta jiha ce. Albashin da ake biya a ƙarshen wata yana shigowa gari, amma ko zai zauna a garin ko zai wuce Kano, wannan ya danganta ne ga ƙananan abubuwa: rumfar kasuwa mai rufi, tasha mai tsari, mahauta mai ruwa, magudanar da ba ta toshe ba, hanyar da manomin Chinade ko Madara ko Bulkachuwa zai fito da gero da wake da riɗi ba tare da motar ta maƙale ba. Daɗin daɗawa, hanyar da aka mayar tagwaye tana iya kawo ciniki, tana kuma iya wucewa da shi a guje. Direban da bai ga wurin ajiye mota, da abinci mai tsabta, da makewayi ba, ba zai tsaya ba.

Waɗannan ƙananan abubuwa kuwa tsarin mulki bai bar su a duhu ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera su ɗaya bayan ɗaya a matsayin aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, makewayin jama'a, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanai, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, tare da sa hannu a ilmin firamare, da kiwon lafiya, da aikin gona. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta. A tsarin rabon arzikin ƙasa ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 yawan nairorin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru ƙwarai. Saboda haka maganar babu kuɗi ba ta isa amsa ba.

Me ya sa to talaka ba ya tambaya? Dalilin yana da tushe. A zamanin En'e, mai gida yana biyan haraji, makiyayi yana biyan jangali, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali a Azare. Da waɗannan kuɗi ake riƙe makarantun elemantare, da ɗakunan shan magani, da 'yan doka. An yi zalunci wajen karɓar harajin nan, ba mai musun haka, shi ya sa jama'a suka yi farin ciki a 1979 lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi. Amma mai biyan haraji ya san kuɗinsa ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, ya kawo majalisa da kansiloli da rabo daga tarayya domin a kusanto da mulki ga jama'a. Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin suna fitowa daga Legas, daga baya Abuja, suna sauka a asusun haɗin gwiwa a babban birnin jiha kamar yadda sashe na 162 ya tanada. Shugaban majalisa sai ya koma duban sama, wurin wanda ya tsai da shi kuma yake sakin kuɗin. Talaka kuma ya ɗauka kuɗin gwamnati ne, ba nasa ba. In an haƙa masa rijiyar burtsatse sai ya yi godiya kamar an ba shi sadaka, in ba a haƙa ba sai ya ce Allah ya isa, ya ci gaba da harkarsa.

Zaɓen ma bai taimaka ba. A watan Agusta na 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Bauchi, jam'iyyar PDP mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 20 duka. Ba Bauchi kaɗai ba ce. Haka aka saba gani a jihohin da wasu jam'iyyu suke mulki: wanda yake riƙe da jiha shi ke kwashe kujeru. In mutum ya san sakamako tun kafin a buɗe akwati, da wuya ya bar gonarsa ko shagonsa ya je ya tsaya a layi. Kansilan da bai sha wahalar neman ƙuri'a ba kuwa, ba ya jin nauyin komawa mazaɓarsa ya yi bayani.

Amma kada a ce mutanen Katagum ba su iya haɗa kai ba. Shekara da shekaru suna neman a ba su jiha tasu. Attajirai sun ba da kuɗi, malamai sun rubuta takardu, matasa sun cika filin taro, har Babban Taron Ƙasa na 2014 ya sa Katagum cikin sababbin jihohi 18 da ya ba da shawarar a ƙirƙira. Wannan nema halal ne. Abin tambaya shi ne, in aka ba da jihar gobe, da waɗanne ƙananan hukumomi za a riƙe ta? Mutumin da bai taɓa tambayar yadda aka kashe kuɗin tashar mota ba, ba zai iya sa ido kan kasafin jiha ba. Kashi ɗaya cikin goma na himmar da aka sa a neman jiha, in da za a juya ta kan majalisun Azare da Katagum, da an ga bambanci cikin shekara guda.

Damina ta nuna illar wannan sakaci. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, motocin kaya suka tsaya cik, fasinjoji suka rasa yadda za su yi. Gyaran babbar hanya aikin tarayya ne. Amma ruwan da yake shiga gidaje a unguwannin Azare saboda an cika magudana da leda, ko an yi gini a kan hanyar ruwa, wannan aikin gida ne. A ƙasar Zaki kuwa kogin nan shi ne arziki, shi ne kuma bala'i. Fadamarsa tana ba da shinkafa da kayan lambu da kifi, amma in ya cika ya batse sai ya cinye gonaki ya raba ƙauyuka da kasuwa. Manomin Sakwa ko Tashena da ya tsira da amfaninsa, in babu hanya kuma babu ma'aji, dole ya sayar a wulaƙance ga duk wanda ya fara zuwa da kuɗi. Ribar sai ta tafi wani gari.

Sabili da haka akwai abubuwa da ya kamata a yi, kuma babu wanda yake bukatar sai an gyara tsarin mulki.

Na farko, kowace majalisa ta riƙa liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe kowane wata a ƙofar sakatariya da ƙofar kasuwa, da Hausa, a kuma karanta a gidan rediyo. Wannan ba sirri ba ne. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna buga rabon kowace ƙaramar hukuma, duk ɗalibin da yake da waya yana iya dubawa a intanet. Abin da ya rage shi ne a san nawa ne ya iso Azare, nawa ne ya iso Katagum, nawa aka yanke a hanya, kuma don me.

Na biyu, kafin a rubuta kasafin shekara, kowane kansila ya kira taro a mazaɓarsa a gaban dagaci da masu unguwanni da limamai, jama'a su zaɓi aiki biyu ko uku da suka fi bukata, a rubuta, a sa hannu. In shekara ta zagayo a sake zama a karanta takardar. A ware wa mata nasu zaman, domin su ne suka fi sanin ɗakin shan maganin da babu ungozoma da famfon da ya daina ba da ruwa. Zaman majalisa kuma a buɗe ƙofarsa, a sanar da ranarsa.

Na uku, kuɗin rumfa da kuɗin tasha da kuɗin kara da kuɗin mahauta, kada a karɓi ko kwabo sai da rasit mai lamba, a zuba a banki a ranar. A kuma yi yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta cewa wani kaso na abin da aka tara zai koma wurin da aka tara shi: rufi, ruwa, fitila, masu gadi, kayan kashe gobara. Ɗan kasuwa ba ya ƙin biya in ya ga abin da kuɗinsa suka yi. In ya biya kuma, ya sami bakin magana.

Na huɗu, a farfaɗo da aikin gayya, amma da adalci. Unguwa ta fito da matasa da shebur tun watan Mayu a yashe magudanai, majalisa ta kawo motar kwashe abin da aka fitar a ranar, ba a bar shi a bakin kwata ruwan farko ya mai da shi ba. A ƙasar Zaki a fara da hanyoyin da suke haɗa fadama da kasuwa, da kwalbatoci, da ma'ajin hatsi a kan tudu, da jiragen fito masu rigunan ruwa a mashigai.

Ita ma Gwamnatin Jihar Bauchi tana da nata. Hukuncin Kotun Ƙoli ba shawara ba ne. Ta sakar wa majalisu kuɗinsu, ta bar Hukumar Zaɓe ta Jiha ta yi zaɓen da wanda ya faɗi zai yarda ya faɗi, ta kuma buga rahoton mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi kowa ya gani. Tsoron da wasu suke yi cewa in aka saki kuɗin za a rasa albashin malaman firamare, kamar yadda aka sha gani a baya, tsoro ne mai dalili. Maganinsa bincike ne da hukunta wanda ya ci, ba riƙe kuɗin ba.

Ƙasar da ta haifi su Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh, waɗanda suka riƙe manyan muƙaman aikin gwamnatin ƙasa duka, ba ta rasa masu iya karanta takardar kasafi ba. Ga malaman kwaleji, ga na jami'a, ga likitoci, ga tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida. In goma daga cikinsu suka ɗauki alkawarin zuwa zaman majalisa kowane wata, su saurara, su rubuta, su fito su gaya wa jama'a, babu shugaban da zai yi wasa da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1916 mutanen garin Katagum ba su da ta cewa lokacin da aka ɗauke musu fada. Jikokinsu a Katagum da Azare suna da ƙuri'a, suna da kansila, suna da hukuncin kotu a hannu. Damina mai zuwa ba za ta jira kowa ba. Allah ya sa a farga.