Rigar ƙwallo ba kayan walda ba ce

Da an yi hutu, iyaye da yawa a Magariya da Dungas kan tura yara koyon sana'a: wani wurin mai walda, wani gareji, wani teburin sayar da fetur a kwalba. Ban ƙi ba, ya fi zaman banza. Damuwata ita ce suturar da suke zuwa da ita. Yawancinsu rigar ƙwallo ce ta gwanjo, don ga araha ga saurin bushewa.

Da zaren roba ake saƙa wannan riga, dangin gorar ruwan sha. Zafi na kaiwa wajen digiri 250 sai ta narke, ta manne wa fata tana ci gaba da ƙuna, cire ta kuma sai da fatar. Auduga ma tana cin wuta, kada a ce na ce ba ta ci, amma toka take zama, kuma mai kauri kan ba yaro damar kakkaɓe tartsatsi kafin ya kai jiki.

Akwai yadin da aka yi takanas don wannan aiki. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da Nomex a 1967. Ba ya narkewa, kuma da an janye shi daga wuta take mutuwa. Irinsa ƴan kwana-kwana ke sawa a ƙasashe da dama. Ba zan ce manomin gero ya saya wa ɗansa ba. Na kuma san babu rigar da za ta tsare mutum daga gobara irin ta tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Amma ƙunar da ke samun ɗan koyo ta tartsatsi ce da fetur da ya zube a hannun riga, kuma a nan yadi na da tasiri.

Maƙeranmu da walki suke zama gaban zuga, fata kuwa ba ta yanke a ƙasar Damagaram ba. Uba ya sa baduku ya ɗinka walki, tela ya ɗinka riga mai dogon hannu da yadin kaki na auduga zalla. Wadda ta jiƙe da mai a tuɓe ta nan take.

Mu malamai kuma, kafin hutu mu fita fili da awartaki, da bokitin ruwa, da ƙyalle biyu, na roba da na auduga, mu kunna kowanne a gaban ɗalibai su ga wanda ke ɗiga.