Zare: babban kamshaf a motar yawo da liftar da ke yoyo da gangan 🧵

1/
Kun san bidiyon nan na tsofaffin motocin Amurka, Camaro ko Mustang, mota tana tsaye amma injin yana "rugugum… rugugum" kamar zai mutu? Ana ta zuba masa wuta 🔥 a ƙasa. To wannan sautin alamar injin da ke shan wahala a sulo ce. Akwai wata 'yar lifta da aka ƙera don magance hakan, kuma ina ganin ana yi mata rashin adalci ta ɓangare biyu.

2/
Injiniyancin kanikanci nake karantawa, don haka ku ɗan yi haƙuri da ni. A injin V8 irin Chevy 350, mai lita 5.7, kamshaf yana cikin bulok. Tudun kam ya tura lifta, lifta ta tura sanda, sanda ta danna roka, roka ta buɗe bawul. Kam ne ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, nisan buɗewar, da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe.

3/
Wannan tsawon lokacin da digiri ake auna shi, na juyin karanshaf. A ma'aunin inci 0.050, kam ɗin kamfani yakan tsaya wajen digiri 200. Na masu son gudu a titi 220 zuwa 230. In ya haura 240 ka shiga layin 'yan tsere.

4/
Me ya sa ake son babba? Saboda a juyi 6000 a minti silinda ba ta da lokacin cika. Sai ka bar mata ƙofa a buɗe ya daɗe, iska mai gudu ta ci gaba da kwararowa ko da fistin ya fara dawowa sama. A can sama abin yana aiki sosai.

5/
Matsalar tana ƙasa. A juyi 800 iskar ba ta da wannan gudun. Fistin yana tasowa, bawul ɗin shiga bai rufe ba, sai ya mayar da wani ɓangaren abin da ya zuƙa. Ga kuma lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, hayaƙi ya koma ya gauraya da sabon mai. Wata silinda ta kama da kyau, wata ta yi fashi. Rugugum ɗin da ake yi wa tafi ke nan.

6/
Da sauti ne kaɗai, da ban yi zare ba. Burki ne abin damuwata. Busta ta burki a irin waɗannan motoci da zuƙar iskar injin take aiki. Lafiyayyen injin kamfani yana ba da wajen inci 17 zuwa 21 a sulo. Babban kam yana iya sauke shi zuwa 10 ko ƙasa da haka. Busta kuwa wajen 16 zuwa 18 take so. Ka taka burki sau biyu, sau uku a gosulo, na gaba sai ka ji feda ta zama dutse, ga mota a gabanka.

7/
Nan Rhoads suka shigo. Kamfani ne na Amurka da ya yi suna da wannan liftar shekaru da dama. Lifta mai mai ta yau da kullum tana da ɗan fistin a ciki, zaune a kan baƙin mai da aka kulle. Mai ba ya matsuwa, don haka tana turawa kamar ƙarfe guda. Su kuma sai suka buɗe wa man hanyar tsiyaya da sauri. Yoyo ne, amma an auna shi.

8/
Wannan ɓangaren ne ya burge ni, ku biyo lissafin. A juyi 800 a minti, karanshaf yana zagaye ɗaya a miliseken 75. Bawul ɗin da ke buɗe digiri 280 zai yi kusan miliseken 58 yana danne lifta. A juyi 4000 kuma bai kai miliseken 12 ba. Ninki biyar ke nan. A sulo man yana samun lokacin zurarewa, lifta ta ɗan nutse, bawul bai kai ƙarshen buɗewarsa ba kuma ya rufe da wuri. Ka taka totur, lokacin ya ƙare wa man, lifta ta tsaya ƙyam, kam ya dawo da cikakken girmansa.

9/
Babu kwamfuta, babu sensa, babu waya ko ɗaya. Rami ne da lokaci kawai. Wallahi duk wanda ya fara tunanin wannan ya cancanci a sara masa.

10/
Alƙaluman da kamfanin da kansa yake bayarwa: a sulo buɗewar bawul tana raguwa da inci 0.010 zuwa 0.020, wato iyakarta kusan rabin milimita. Tsawon lokaci yana raguwa da digiri 10 zuwa 15. Komai yana dawowa wajen juyi 3500. Zuƙar iska kuma tana iya ƙaruwa har inci 3. Ku riƙe kalmar "har", mai talla ne ya faɗa.

11/
Ɓangare na farko da nake jayayya da su: masu cewa ai faci ce, lifta ce da ta lalace tun daga shago, makanike na gaske ba ya sa ta. Ban yarda ba. Duk kam mai siffa ɗaya tilas ya yi kyau a wani juyin ya yi muni a wani. Duk abin da ya rage wannan tilascin da kuɗi kaɗan aikin injiniya ne. Mutum ya riga ya haɗa injinsa, kam ya ɗan yi masa yawa da mataki ɗaya, zuƙa tana 13. Lifta ta kai shi 15 ko 16, burki ya dawo, mota ta daina mutuwa in an sa giya. Ina laifin wannan?

12/
Ɓangare na biyu sun fi ba ni haushi: masu kiranta "VTEC ɗin talaka", su ce sayi duk kam ɗin da ranka yake so, lifta za ta gyara. A'a fa. Digiri 10 zuwa 15 mataki ɗaya ne a katalog, da ƙyar biyu. In zuƙarka 7 ce, ko ka samu inci 3 ɗin cif, 10 ka kai. Burkinka yana nan da taurinsa, kuɗinka kuma ya tafi.

13/
VTEC da Honda ta fitar a 1989 a kan Integra wani abu ne daban. Tudun kam iri biyu ne, ƙarami da babba, kwamfuta ta ba da umarni, matsin mai ya tura fil ya kulle roka, injin ya koma kan babban. VVT-i na Toyota kuma kam ɗin yake ɗan juyawa gaba ko baya. Duka biyun akwai mai yanke hukunci. Liftar Rhoads babu mai ba ta umarni, kaurin mai da zafinsa ne ke juya ta.

14/
Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da safe mai yana da kauri, yoyo kaɗan ne, kam yana nan da halinsa. Injin ya ɗau zafi, mai ya tsinke, sai ta fara aiki sosai. Ka canza daga 10W-30 zuwa 20W-50, ka canza halin motar ba tare da ka taɓa sifana ba. Mai saita kafireta dole ya jira injin ya yi zafi, in ba haka ba aikin banza ya yi.

15/
Sai ƙara. Tana yin "tik-tik-tik" a sulo, kuma ba lalacewa ba ce. Ƙarshen tudun kam an yi masa gangara mai laushi don a ajiye bawul a hankali. Tunda lifta ta nutse, bawul yana isa mazauninsa kafin a kai gangarar, sai ya sauka da ɗan ƙarfi. A nan gida duk makaniken da ya ji wannan cewa zai yi "oga, tafet ɗinka ya tafi" 😂. A injin mai sensar ƙwanƙwasa kuma ƙarar tana iya ruɗa kwamfuta ta ja wuta baya, ƙarfin da kake nema ya ragu.

16/
Abin da ba a cika faɗa ba: bawul ɗin shiga ya rufe da wuri yana nufin matsi ya ƙaru a cikin silinda a ƙananan juyi. Daga nan ƙarin ƙarfin tashi yake fitowa. Amma in an riga an ɗaga matsin injin don ya dace da babban kam, wannan ƙarin yana iya jefa shi cikin ƙwanƙwasa, musamman da fetur mai ƙaramin oktan. Ƙwanƙwasa kuwa fistin take ci.

17/
Kuma in kam ɗin mai lifta shafaffiya ne, ba mai taya ba, sabuwar lifta sai an yi mata sabo: mai mai isasshen zinki, minti 20 zuwa 30 a juyi 2000 zuwa 2500, ba a barinta a sulo. Ka yi wasa da wannan, tudun kam ya goge, garin ƙarfe ya zagaye injin gaba ɗaya.

18/
Ga abin dariya. Da yawan masu sayen babban kam don rugugum ɗin suke saye, a ɗauki bidiyo a ɗora. Aikin liftar nan shi ne rage rugugum ɗin. Ka biya kuɗi ka sayi sauti, ka sake biya ka kashe rabinsa, ka samu tik-tik a kyauta 😭

19/
Da ni ke haɗa 350 ɗin yawo daga farko, kam ɗin wajen digiri 215 zuwa 220 zan ɗauka, mai tazarar tudu 112, da lifta ta yau da kullum. Motar titi yawancin rayuwarta tsakanin juyi 1500 da 3000 take yi, can nake son ƙarfina. In kuma na gāji injin da kam ɗinsa ya ɗan zarce, zan ɗaura gejin zuƙa in duba. 12 zuwa 14, zan sa Rhoads. Ƙasa da 10, ko in sauya kam, ko in sa famfon zuƙa na lantarki don burki kafin motar ta sake hawa titi.

20/
Masu shirin tambaya ta ko za ta shiga Corolla ko Accord ɗinsu: ba za ta shiga ba. Kam ɗinku a saman injin yake, babu sandar turawa, kuma in murfin ya ce VVT-i ko i-VTEC kuna da abin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Shi ma da matsin mai yake aiki, ta 'yan ƙananan hanyoyi da wata 'yar matata da datti ke toshewa cikin sauƙi. Ku dinga juyen baƙin mai a kan lokaci.